Saniya Mai Gurbi Ɗaya: Hausawan Age of Empires III a Idon Ɗan Birnin Gwari

A watan Agustan 2021 kamfanin Microsoft ya fitar da ƙari a kan wasansa na dabarun yaƙi, Age of Empires III, ya raɗa masa suna The African Royals. Al'ummu biyu aka shigar a ciki, Habashawa da Hausawa. Ga wanda bai taɓa zama gaban irin wannan wasa ba, ga yadda yake: ana ba ka fili da tsakar gari ɗaya da 'yan talakawa kaɗan, kai kuma kana kallonsu daga sama kamar shaho. Ka tura wasu farauta, wasu saran itace, wasu haƙar ma'adini. Da abin da suka tara kake gina gidaje da barikin mayaƙa, ka haura daga zamani zuwa zamani, har ka tara rundunar da za ta rushe garin abokin karawarka, wanda shi ma abin da yake shiryawa ke nan a ɗaya gefen taswirar. Wasa ɗaya kan ci wajen rabin awa. Gardamar da ke biyo bayansa tsakanin 'yan wasa kan ci dare guda.

Tun 2005 ake buga wannan wasa a duniya, kuma shekara goma sha shida 'yan Arewa masu sha'awarsa suna zaɓen Ingila ko Faransa ko Daular Usmaniyya, don ba su da wani zaɓi. Saboda haka ranar da mutum ya danna talakansa ya ji ya amsa masa da Hausa, ya ga babban birninsa Kano ne, ya ga gine-ginen ƙasa masu zanko, dole ya ji wani abu a ƙirjinsa. Ni ma na ji, kuma ban raina wannan jin ba. Waɗanda suka yi aikin sun yi karatu, sun kuma yi shi da girmamawa. Sai dai yabo ba ya hana tambaya, kuma tambayoyin da wannan wasa ke tayarwa sun fi nauyi ga wanda iyayensa ke kwana a bakin dajin Kamuku fiye da wanda ke buga shi a Landan.

Bari in fara da abin da suka dace a kai, don yana da yawa. Mahayin lifidi na nan, doki da mai shi duk a naɗe cikin rigar auduga mai kauri, mai jure duka. Haka yake a tarihi: lifidi shi ne ƙashin bayan rundunar sarakunan Hausa, har akwai sarautar Sarkin Lifidi. Sun kuma ƙirƙiro wata dukiya ta huɗu wadda Turawan wasan ba su da ita, wato tasiri ko faɗa-a-ji, wadda kake samu ta zangon fatauci da garken shanu da makarantar ilimi, ka kashe ta a fada wajen ɗaukar mayaƙan haya. Wannan tunani ne mai kyau ƙwarai. Duk wanda ya san yadda sarauta ke tafiya a ƙasar Hausa ya san cewa sarki da jama'a da malamai da fatake yake ƙarfi, kuma ba kowane abu zinariya ke saya ba. Hatta yadda kake haurawa zamani na gaba ta hanyar ƙulla ƙawance da wata al'umma, Abzinawan hamada ko Songhai ko Yarabawa, ya yi daidai da ƙasar da kasuwanci ya raya. Akwai kuma makaɗi mai bin runduna yana ƙara mata kuzari. Wanda ya taɓa ganin abin da kirari ke yi wa ɗan dambe ba zai ce wannan ƙage ba ne.

Amma sunan da suka ba makaɗin nan kalmar Faransanci ce da aka saba kiran mawaƙan ƙasar Mali da ita, alhali maroƙi da makaɗi da sanƙira duk suna nan zaune a bakinmu. Shugabar da kwamfuta ke wakiltar Hausawa da ita Sarauniya Amina ce ta Zazzau, babban birnin kuwa Kano, jarumin da ke jan runduna kuma an kira shi da laƙabin amir, wanda ya kafu bayan jihadi, ƙarnoni bayan zamanin Amina. An zuba shekara ɗari uku a tukunya ɗaya an dama. Wannan ba laifi ne babba ba, haka suke yi wa kowa. Wanda ya fi ba mu dariya shi ne zaƙaƙurin mayaƙin fada mai ɗauke da bindiga, wanda suka kira Maigadi. Kunnen Bahaushe in ya ji maigadi, dattijo yake gani a bakin get da tocila da 'yar rediyo. Kalmar gadi ma aro ce daga Turanci. Rundunonin sarakuna na ƙarni na 19 suna da sunan da suke kiran masu harbi da bindiga, har da shugabansu Sarkin Bindiga: 'yan bindiga ake ce musu. Na kan yi tunanin da masu wasan sun yi amfani da sunan gaskiya, da babu ɗan Birnin Gwarin da zai iya danna maɓallin horar da 'yan bindiga hannunsa bai tsaya ba. Kuskurensu ya yi mana rana.

Akwai yaƙin tarihi guda a cikin ƙarin da aka gina a kan jihadin farkon ƙarni na 19, suka kira shi Fall of the Hausa, wato faɗuwar Hausa. Sunan ya yi wa tarihi gaggawa. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Yunfa ya mutu, gaskiya ne. Amma talakawan Hausa da yawa a bayan Shehu suka yi yaƙi, waɗanda aka kora kuma ba su ɓace ba: Gobirawa sun sake kafuwa a Tsibiri, Katsinawa a Maraɗi, Zazzagawa a Abuja ta dā wadda yanzu ake kira Suleja, Kabawa a Argungu. Gidajen sarauta ne suka sauya hannu, harshen kuwa sai ma ya ƙara yaɗuwa har ya cinye bakin waɗanda suka ci yaƙin. Wani abin lura kuma: a ƙa'idar wasan, doki mai nauyi shi ke cin 'yan baka, mashi ya ci doki, baka ta ci mashi, kamar dai yadda ake zagayawa a kowane wasa irin wannan. Da wannan ƙa'ida aka bi a Tabkin Kwatto a watan Yunin 1804, da Gobir ce ta yi nasara, don ita ke da lifidi, jama'ar da Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranta kuwa dawakinsu kaɗan ne, kibiya ce makaminsu. Abin da ya ci yaƙin ranar ba shi da gurbi a jadawalin lambobi.

Jadawalin lambobi shi ne asalin maganar, kuma a nan sana'ata ta rubuta manhaja ke sa ni kallon wasa dabam da yadda abokan wasana ke kallonsa. Duk abin da ka gani yana motsi a allo, a ƙarƙashinsa jerin gurabe ne da aka cika da lambobi: yawan jininsa kaza, ƙarfin dukansa kaza, saurinsa kaza, mai shi wane. Abin da mai tsarawa bai buɗe wa gurbi ba, babu shi a wannan duniyar ko kaɗan. Saboda haka in kana son sanin ra'ayin wasa game da yaƙi, kada ka tsaya kan hotuna da kiɗa. Tambayi abin da ya ƙirga da abin da ya ƙi ƙirgawa.

Ɗauki saniya. A wasan, dabbar kiwo tana da gurbin mai ita, guda ɗaya tak. In ka bar ta babu kowa naka kusa, mayaƙin abokin gaba ya zo ya tsaya gefenta, sai lambar da ke gurbin ta sauya, launinta ya koma nasa, ta bi shi. Shi ke nan. Ba ta tuna garken da ta fito, mai ita na farko ba ya bin sawu, ɗansa ba ya girma da abin a ransa. A wurin 'yan wasa wannan dabara ce mai daɗi, kuma mukan yaba wa wanda ya iya ta. A yankinmu kuwa wannan ɗan sauyin lamba shi ne ƙofar da bala'in ya shigo ta cikinta. Satar shanu ce ta fara cin dajin tun kafin a san garkuwa da mutane a matsayin sana'a. Makiyayin da aka kwashe wa garke ya wayi gari ba shi da komai, manomin da aka kwashe wa shanun huɗa ya koma fartanya, 'yan sa-kai suka tashi suna hukunci babu alƙali, wanda aka kashe wa uba ya shiga daji, aka yi ta ramuwa a kan ramuwa. A watan Oktoban 2012 aka kashe mutane wajen ashirin a Dogon Dawa, da yawansu a bakin masallaci da asuba. A watan Mayun 2018 aka kashe fiye da arba'in a Gwaska. Tsakanin waɗannan ranaku biyu da bayansu akwai ƙauyukan da sunansu bai taɓa shiga jarida ba. Wasa mai gurbi ɗaya ga saniya ba zai iya ba da wannan labari ba ko da masu shi sun so.

Haka talaka yake. A allo, in mahara suka faɗo gona suka kashe manoma biyar, sauran sukan ci gaba da aiki da zarar ƙura ta lafa, kai kuma ka danna tsakar gari ka sayi wasu biyar da abinci. Manomin wasa ba shi da gurbin tsoro. Ba ya yin shawara da matarsa ko bana a bar gonar nesa a noma ta bayan gida kawai. Ba ya kwashe iyali ya koma Kaduna ko Funtuwa ya zama ɗan acaɓa. Ba a ɗora masa harajin girbi, irin wanda ƙungiyar ci gaban masarautar Birnin Gwari, BEPU, ta sha kokawa a kai cewa manoma na biyan 'yan daji kafin a bar su su shiga gonakinsu. Kuma ba a kama shi da rai, wanda nan ne babban ramin da ke cikin wasan ko ta fuskar tarihin da yake iƙirarin nunawa. Yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 a wannan yanki, mutum ne babbar ganimarsu. Umaru Nagwamatse da ya kafa Kontagora da ɗansa Ibrahim, wanda Turawa suka kora a 1901, sun yi suna ne da hare-haren kama bayi a ƙasashen Gwari da Kamuku. Ganuwar da tsofaffin garuruwanmu suka kewaye kansu da ita, da ƙauyukan da aka kafa a kan duwatsu, duk amsa ce ga wannan. Wasan ya ba ka mahayin kai hari mai sauri, ya ba ka fada da kasuwa, ya yi shiru a kan abin da mahayin ke korowa gida. Na gane dalilin kasuwanci da ya sa suka yi shirun. Amma jikokin waɗanda aka kora a igiya jiya su ne ake kora a kan babur yau, kuma wasan da ya share na jiya ya rage wa mai buga shi hanyar gane na yau.

Sai daji. A lissafin kwamfuta, taswira gidaje-gidaje ce kamar ramukan dara, kowane gida ko ana bi ko ba a bi. Hanyar da mayaƙi ke nemo gajeriyar hanya tsakanin gidajen nan tsohuwar dabara ce da masana uku suka wallafa a Amurka tun 1968, kuma har yau kusan kowane wasa ita ko jikanyarta yake amfani da ita. A Age of Empires itace abu biyu ne: katanga da ba a ratsawa, da kuma dukiya da ake sara. Babu mai zama a cikinsa. Wasannin da suka fi zurfi a dabarun fagen fama sun ɗan fi haka. Close Combat, wanda ya fito a 1996, ya ba kowane soja gurbin tsoro, yana iya ƙin bin umarninka ya kwanta a rami. Wargame: Red Dragon na 2014 ya mai da kurmi maɓoya, tankar yaƙi ba ta ganin wanda ke ciki sai ta zo dab da shi. Duk da haka kurminsu wuri ne da ake ɓuya na minti biyar kafin a yi harbi. Dajinmu mazauni ne. Gandun Kamuku kaɗai, wanda aka killace tun 1936 aka kuma ɗaga shi zuwa gandun ƙasa a 1999, ya haura murabba'in kilomita 1,100, ga shi manne da Kuyambana ta Zamfara, daga nan kuma daji na miƙa hannu ga daji har Neja da Katsina. Akwai rugage a ciki da mata da yara da ramukan zinariya da hanyoyin babur da ba su cikin kowace taswira.

Wannan ya kawo ni ga hirar bayan wasa, wadda ita ce rabin daɗin abin kuma ita ce inda nake jin tsoronsa. Mu da muke bugawa tare, yawancinmu a Kaduna muke zaune, wasu 'yan Birnin Gwari, wasu 'yan Zariya da Kano. In an tashi wasa sai a shiga tsefe shi kamar yadda 'yan kallon dara ke yi a gindin bishiya: wane ya yi jinkirin haurawa zamani na biyu, wane ya zuba dukiya a doki alhali abokin karawarsa mashi yake tarawa, wane ya manta yaƙi ɗan zamba ne ya kai hari ta ƙofar da ake jiransa. Hira ce mai kaifafa tunani, kuma na ga yaran da ta koya wa lissafin riba da asara fiye da yadda aji ya koya musu. Amma ba a daɗewa sai wani ya juya ta. «Malam, ni fa abin nan na dajinku ban gane shi ba. A zagaye shi mana, a toshe hanyar abinci, a shiga daga kusurwa huɗu.» Mai maganar ba mugu ba ne, yana jin zafin abin. Harshen da wasa ya koya masa ne kawai yake magana da shi.

Na taɓa ɗaukar biro na yi masa lissafin. Ka ɗauka gandun Kamuku da'ira ce cif, wanda shi ne siffar da ta fi kowace gajeren kewaye. Kewayenta zai kai wajen kilomita 120. Ka tsayar da soja ɗaya a kowace mita hamsin, ka buƙaci mutum 2,400 a tsaye lokaci guda. Ba ƙarfe ba ne su, sai sun yi barci, saboda haka ka ninka uku. Sama da 7,000 ke nan, ba a sa mai dafa musu abinci da mai kawo ruwa ba, ba a sa damina ba, kuma gandu ɗaya ne a cikin dazuzzuka da yawa da ke haɗe. Sannan wa ka zagaye? A wasa akwai tsakar garin abokin gaba, in ka rushe ta da sauran gine-ginensa allo ya rubuta maka nasara. A daji dabobi ne barkatai, kowace da kachallanta, suna yaƙar juna kamar yadda suke yaƙar gari. An kashe Buharin Daji a watan Maris na 2018, a hannun Dogo Giɗe, ɗan daji irinsa, kuma harin Gwaska bayan wannan ya zo. Ga kuma Ansaru da suka kafa sansani a gabashin masarautar, wajen Damari da Kuyello, da nasu lissafin dabam da na masu neman kuɗin fansa.

Wannan harshe na kallo daga sama bai tsaya a bakin 'yan wasa ba. A farkon 2022 gwamnan Kaduna na lokacin, Nasir El-Rufa'i, ya fito fili ya nemi a yi wa dazuzzukan ruwan bama-bamai gaba ɗaya, a sake dasa itatuwa daga baya. Mutane da yawa da wuya ta kai wa wuya sun tafa masa, kuma ban ga laifin wanda aka sace wa 'ya ya tafa ba. Amma shawarar ta ɗauka cewa wanda ke sama yana iya bambance ɗigon da ke ƙasa, kamar yadda allo ke shafa wa naka shuɗi ya shafa wa na abokin gaba ja. A daren 3 ga Disamban 2023 jirgin soja marar matuƙi ya ga taron mutane a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi, ya sakar musu bam. Masu Mauludi ne. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ƙirga gawa 85, rundunar soja kuma ta amsa cewa kuskure ne. Mutanen ƙasa ba su da launi a kansu.

Abin mamaki, kakan waɗannan wasanni ya fi jikokinsa sanin wannan. A 1824 wani hafsan Jamus mai suna Reisswitz ya gabatar wa manyan sojan Prussia wasan taswira da suka ɗauka suna horar da hafsoshi da shi. 'Yan wasan ba sa ganin komai kai tsaye. Akwai alƙali a tsakiya, kai ka rubuta umarni ka ba shi, shi ya yanke lokacin da saƙon zai isa, ya kuma faɗa maka abin da 'yan leƙenka suka gani kawai, ko da ba daidai suka gani ba. Wasan kwamfuta ya gaji wani ɓangare na wannan, abin da ake kira hazon yaƙi, inda wurin da ba ka da kowa ke rufe da duhu. Sai dai hazonsa mai adalci ne, yana rufe ku biyun daidai wa daida, umarninka kuma yana isa ga mayaƙi kafin ka ɗaga yatsa. Hazon Birnin Gwari gefe ɗaya yake rufewa. Na daji ya san wanda ya sayar da masara ranar kasuwa da motar da ta taso daga Buruku, don yana da infoma a gari. Na gari bai san komai ba sai ƙarar babura. Wata biyu kacal bayan fitowar wasan nan, a ƙarshen Satumban 2021, gwamnati ta katse sabis ɗin waya a yankin, ta hana hawa babur, bayan ta riga ta hana cin kasuwannin mako, da nufin makantar da 'yan daji. Har zuwa ƙarshen Nuwamba, mu da ke Kaduna muna iya aika runduna ƙetaren taswira cikin ƙiftawar ido, amma ba ma iya jin ko mutanenmu na Tsohon Birnin Gwari sun kwana lafiya sai wani ya biyo mota ta hanyar Funtuwa ya kawo labari.

Masu waya, waɗanda su ne mafi yawan masu karanta wannan, suna da wasa ɗaya da ya fi kusa da gaskiyarmu, kuma ya fi Age of Empires sauƙin samu. Rebel Inc. ne, na kamfanin Ndemic, wanda ya fito a ƙarshen 2018 kuma aka ɗauko tunaninsa daga Afganistan. Kai gwamna ne, kana raba kuɗi tsakanin asibiti da hanya da soja. In ka kori 'yan tawaye daga yanki ba tare da ka tare musu mafita ba, sai su tsallaka yanki na gaba, wanda duk wanda ya ga yadda farmakin Zamfara ke turo mahara Kaduna zai gane shi nan take. In ka zuba kuɗi da gaggawa cin hanci ya hau, jama'a su juya maka baya. Kuma ana iya ƙarewa da sulhu. Na fi ba shi maki a kan fahimtar irin wannan rikici, nesa ba kusa ba. Rauninsa shi ne ya ɗauka 'yan tawaye baki ɗaya ne da su, in sun sa hannu kowa ya ajiye makami. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi 'yan dajin da suka ce sun tuba, aka buɗe kasuwar shanun da ta shafe shekaru a rufe, motoci suka dawo hanyar Kaduna. Wanda ya san yadda hanyar nan ta zama a baya ba zai raina wannan ba. Amma tambayoyin da mutane ke yi a ƙasa-ƙasa, ko dabar da ba ta zo zaman ba ta yarda, ko bindigogin suna ina, ko wadda aka kashe wa miji za ta ci kasuwa ɗaya da wanda ya kashe shi, babu maɓallinsu a Rebel Inc.

Ba ina cewa a daina buga Age of Empires ba. Ina buga shi, kuma duk mai kwamfutar da za ta ɗauke shi ina ba shi shawara ya gwada Hausawan, ya gina makarantarsa kusa da fada da zangon fatauci don tasirinsa ya hau da sauri, kada kuma ya dogara da lifidi shi kaɗai. A matsayin wasa ya ƙayatar, a matsayin hoton ƙasar Hausa ya fi yawancin abin da duniya ta saba nunawa game da mu mutunci. Abin da nake ƙi shi ne a tashi daga gabansa da zaton an fahimci yaƙi.

Mukan yi gardama a kan irin wasan da ɗan yankin zai rubuta in ya samu hali. Nawa tsarin, ɗan wasa mai unguwa ne a ƙauyen bakin daji, ba ya ganin taswira daga sama, abin da ya sani shi ne abin da masu dawowa daga gona da kasuwa suka faɗa masa, wani gaskiya wani jita-jita. Zaɓinsa na kowace damina: a noma gonar nesa ko a bari, a biya harajin ko a ƙi, a kafa 'yan sa-kai ko a jira soja, a karɓi Bafulatanin da ya gudo daga ruga ko a kore shi. Saniya kuma gurbi uku zan ba ta: wanda take hannunsa, wanda aka ƙwace ta daga gare shi, da shekarar da aka ƙwace ta, kuma lambar nan ta uku ba za ta goge ba ko an yi sulhu. Wani abokin wasana ɗan Zariya ya ce, «Yallaɓai, wannan ai ba wasa ba ne, zaman makoki ne, wa zai sayi data ya sauke shi?» Na ce masa a 2014 wani ƙaramin kamfani a Poland ya fitar da This War of Mine, inda kake riƙe da fararen hula a birnin da aka yi wa ƙawanya irin ta Sarajevo, aikinka neman abinci da magani da itacen jin ɗumi. Miliyoyin mutane sun saye shi, a 2020 kuma gwamnatin ƙasar ta sanar da sa shi cikin jerin abin da ɗaliban sakandare za su iya nazarta. Ya ce to, amma in zan rubuta, in bar masa lifidin a ciki ko da na hawan sallah ne.